Tokuji Mai Tsaron Takalma

Shekara arba'in da ɗaya Tokuji ya yi a zauren gidan abincin Tsurumine, can ƙarshen wani lungu gabas da kogin Kamo a birnin Kyoto, kuma aikinsa ɗaya ne tak: takalma. Baƙo zai zo ya tuɓe a kan shimfiɗaɗɗen dutsen zaure, ya hau tabarma ya shige ciki. Tokuji ya ɗauke, ya goge, ya adana. Idan baƙon ya ci ya sha ya fito, sai ya tarar da takalmansa a jere a kan dutsen suna kallon waje, da ɗuminsu in lokacin sanyi ne, don akwai ɗan kaskon garwashi da yake gasa su a gefensa. Ba lamba, ba tikiti. A gidan wanka na unguwa ake miƙa wa mutum katako mai lamba. Tsurumine gida ne da ko kujera ba ka samu sai wani tsohon baƙonsu ya tsaya maka, to a irin wannan gida ba a nuna wa mutum cewa an manta da shi.

Daga wani ƙauyen masunta na gaɓar arewa ya zo, yana ɗan shekara ashirin da bakwai, da niyyar koyon girki. Wata shida ya yi a kicin, babban kuku ya ce harshen wannan bawan ba ya rarrabe gishiri da toka, a kore shi. Tsohuwar mai gidan ce ta hana. Ta lura cewa duk abin da idonsa ya gani sau ɗaya ya zauna ke nan, sai ta kai shi zaure. Tsohuwar ta mutu, surukarta Sumie ta gaji gidan, ta gaje shi da Tokuji a ciki kamar yadda ta gaji tukwane.

Bai yi aure ba. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan kicin, da rediyo, da tukunyar shayi. Fuskokin mutane ba su dame shi ba, ƙasa yake kallo. Ya san wanda ya zo a ƙafa da wanda aka sauke a mota. Ya taɓa ce wa Sumie wani malamin jami'a ba shi da lafiya, don dunduniyar takalminsa na hagu ta fara cinyewa ta gefe guda, wata uku bayan nan aka kwantar da mutumin a asibiti. Ranar da gida ya cika, takalmi ƙafa sittin sukan taru a kantarsa, bai taɓa ba wani na wani ba. Ba ya fariya da baki, amma duk wanda ya ga yadda yake ajiye takalmi a kan dutsen nan ya san mutumin yana ji da kansa. Abin da ya mallaka a duniya ke nan, kuma ya sani sarai cewa ranar da aka raba shi da zauren nan an gama da shi.

A farkon bazarar shekararsa ta sittin da takwas abin ya fara. Wata rana ya ɗauki wasu baƙaƙen takalma zai jera, sai ya tsaya da su a hannu, kansa fayau, babu komai a ciki. Bai fi numfashi uku ba sunan ya dawo. Amma tsoron da ya shige shi a ranar bai fita ba. Kafin zafi ya wuce abin ya zama kullum, sai ya sayo alli, ya riƙa yin 'yan alamu a ƙarƙashin katakon kanta, inda ido ba ya kaiwa.

Haruno ce ta kama shi, tsohuwar mai kai abinci ɗakuna, wadda suka shekara talatin suna tsiya da juna.

"Toku-san, makaranta ka buɗe a nan? Allin mene ne wannan?"

"Kiyashi nake kora."

"Kiyashin naka sun iya karatu ke nan. Na ga har sunan ɗaki ka rubuta musu."

"Ke dai je ki ji da gwiwoyinki, tsohuwa. Jiya da kika durƙusa da tire, daga nan na ji ƙararsu."

"Gwiwa ko ta yi ƙara ba ta ɓatar da baƙo." Ta rage murya. "Ka je ka ga likita mana."

"In na je zai rubuta. In ya rubuta Okami-san za ta ji." Haka suke kiran Sumie, uwar ɗakinsu.

"Kai dai ba ka da wayo. Matar da ke gane an canja mai kawo mana awara daga loma ɗaya, ita kake zaton ba ta sani ba?"

Bai je ba. Sumie kuma ta ci gaba da gaishe shi kowace safiya yana yayyafa ruwa a bakin ƙofa. Haka muke a Kyoto, kuma ba abin yabo ba ne: muna kallon mutum yana gangarawa rami, mu tsaya muna tambayarsa ya ya ji da sanyi.

A watan Nuwamba iyalan Nishiwaki suka kama babban ɗaki don cin abincin rana. Nishiwaki marinin alharini ne, baƙon gidan tun kafin Tokuji ya yi furfura, mutum mai raha. Takalma ɗaya yake zuwa da su kullum, jajaye masu igiya, an canja musu tafi ya fi sau biyar. Duk ya tuɓe sai ya ce, "Toku-san, riƙe su da kyau, sun riga matata shiga gidana." Shekara guda ke nan da rasuwarsa. Tokuji da kansa ya je jana'izar, ya ƙona turare a gaban gawar. A ranar iyalan daga wurin addu'ar cika shekara suka taho, su goma sha ɗaya, duk cikin baƙaƙen kaya. Ya karɓi takalma ƙafa goma sha ɗaya, ya yi alamunsa da alli, hankalinsa kwance.

Daga inda yake zama ana hango barandar da ake bi da abinci. Ya ga tire na wucewa, ya ƙirga ba da niyya ba, don idonsa ya saba. Goma sha biyu. Ɗan yaye ma a garin nan ya san cewa a irin wannan zama ana ajiye wa mamaci nasa tiren a gaban hotonsa, da ƙoƙon giyarsa da tsinkayen cin abincinsa. Tokuji ya ga an yi haka ya fi sau ɗari. Amma a ranar abin da ya tsaya masa a kai shi ne mutum goma sha biyu a ɗaki, takalma goma sha ɗaya a kanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga na uwargida, matar mamacin, ga na babban ɗa, ga na surukai. Jajayen ne babu.

Gumi ya karyo masa a cikin sanyin nan. Ya kwashe kantar kaf ya mayar. Ya leƙa bayan tulun laima, ya zura hannu ƙarƙashin matakala, ya fita lungu ya duba har cikin kwata ko kare ya ja su. Awa biyu ana cin abinci a ciki, shi yana rarrafe a zaure. Ba wanda ya gan shi, kowa yana kan aikinsa.

Da suka fito, takalma goma sha ɗaya na jere a kan dutse, kowanne a gurbinsa, da ɗumi. Tokuji kuwa yana durƙushe a ƙasa, goshinsa a kan siminti.

"Uwargida, ki gafarce ni," in ji shi. "Takalman maigida sun ɓace a hannuna. Jajayen nan. Na duba ko'ina. Don Allah a ce masa ya ɗan jira a ciki, yanzu zan nemo su."

Babban ɗan yana tsaye rungume da hoton uban a ƙirjinsa. Matar ƙaramin ɗan ta toshe baki ta juya baya tana kuka. Sumie, da ta rako su, ta zube a kan gwiwoyinta. Matar Nishiwaki ta daɗe tana kallon ƙeyar tsohon, sannan ta sauko ta sa takalmanta a hankali.

"Bar wahalar da kanka, Toku-san," ta ce. "Yau ba da su ya zo ba."

Sai da ya ɗago ya ga hoton, da baƙin ƙyalle a kusurwarsa, sannan ya tuna turaren da ya ƙona.

Kwana uku ba wanda ya yi masa maganar. A na huɗu Sumie ta same shi yana shara, ta tsaya tana murmushi.

"Toku-san, na yi tunani, kunya ta kama ni. Shekara arba'in da ɗaya ba ka taɓa zama ka ci abincin gidan nan a ɗaki ba. Ranar Alhamis da rana ka zo. Ta ƙofar gaba."

Ya gane. Ma'aikaci ta baya yake shiga, kuma wanda aka yi wa shimfiɗar baƙo ba ya komawa ya ɗauki tsintsiya.

"Okami-san, ko sharar lungu ce a bar mini. Ko wanke-wanke."

"An ce bana ƙaguwa ta yi kyau a garinku," in ji ta. "Na yi waya da ɗan ƙanwarka. Ya ce ɗakin da ke kallon teku ba kowa a ciki."

Ranar Alhamis ya sa kwat ɗinsa ɗaya tilo, ya fita ta baya, ya zagaya lungu, ya shigo ta gaba. Matar da ke goge baranda ce ta karɓi takalmansa, ta kasa haɗa ido da shi. Aka kai shi ƙaramin ɗakin da ke kallon lambu, aka zaunar da shi a mazaunin manya. Haruno ta turo ƙofar takarda a durƙushe, ta gaishe shi da gaisuwar baƙi, kalma bayan kalma, kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Abinci ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan yadda aka saba. Awarar riɗi yanka ɗaya a ɗan faranti shuɗi. Romo a baƙin akushi mai murfi, da ɓawon lemo ƙanƙani yana yawo a kai. Ɗanyen kifi yanka uku. Gasasshen kifi da aka kwantar a kan jan ganye. Duk ya san ƙamshinsu, shekara da shekaru suna wuce shi a baranda. Ya ci komai bai rage ba, don rage abinci cin fuskar kuku ne, amma da tafasasshen ruwa aka ba shi da duk ɗaya ne. Kowace loma sai ya kora ta da shayi.

Da ta kawo shinkafa, alamar an zo ƙarshe, ya ce, "Gwiwar taki yau ba ta yi ƙara ba."

"Ci abincinka, tsohon banza," in ji Haruno, ta juya fuska tana gyara murfin tukunya wanda ba abin da ya same shi.

Ya fito zaure wajen ƙarfe biyu, Haruno na biye da shi. Wasu 'yan kasuwa uku su ma sun gama a ɗakin kusa, ana jin muryoyinsu suna sallama da Sumie a baranda. Mai goge barandar, da ba ta san kan aikin ba, ta fito da takalman duka a lokaci ɗaya. Ƙafa huɗu a kan dutse, duk baƙaƙe, duk masu igiya. Nan take ya ga kurakuranta: ba ta gasa su ba, jerin ya karkace, ɗaya har igiyarsa na jan ƙasa. Ya miƙa ƙafa zai sauka, sai ya tsaya.

Ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya kai ƙarshe ya dawo. Bai san nasa ba. Ya jira numfashi uku, ya jira goma, babu abin da ya zo.

"Lafiya, Toku-san?" in ji Haruno.

"Ƙafata ce ta yi sanyi, zaman ya yi yawa. Bari manya su fara wucewa."

Ya raɓe a gefen matakala ya zauna, yana matsa ƙwaurinsa da hannu biyu. Mutanen suka fito suna dariya, ɗaya bayan ɗaya kowa ya sa nasa, suka fita. Ƙafa ɗaya ta rage, tsofaffi, an goge su har fatar ta yi laushi. Ya ƙura musu ido, ba su ce masa komai ba. Ya sauko ya zura ƙafarsa, suka shiga daidai, da haka ya gane nasa ne.