Biyu, Irin na Paris

A garinmu sau huɗu ake sumbatar kumatu idan an gaisa: dama, hagu, dama, hagu. Mutanen Paris biyu suke yi su wuce. Ghislaine Decroix, mai soya dankali a motarta da ke gaban coci, ba ta taɓa rage wa kowa ɗaya ba, ko a ranar da aka binne ɗanta Yannick. Hira ce kawai ta daina. Ta soya, ta barbaɗa gishiri, ta miƙa.

Régis Lemahieu abokin Yannick ne, a gindin motar nan suka girma. Ya tafi Paris ya zama ɗan barkwanci, jana'izar ma bai zo ba. Sai bara ya dawo zai yi fim a kan wani ɗan barkwanci da ya koma garinsu. Ni aka ɗora wa aikin nemo 'yan garin da za su fito, na kuwa tara mutum tamanin. Da na je wa Ghislaine da maganar, ba ta tambayi abin da za ta yi ba. Cewa ta yi, "Da kansa zai zo nan?"

Ya zo, da kyamara a bayansa.

"Madam Decroix! Ba ki canza ba!"

Da can Mama yake ce mata. Ya bayyana mata wasan a gurguje: zai yi mata biyu ya juya, ita kuma ta tsaya da kumatu a miƙe tana jiran sauran. Nan abin dariyar yake.

Marcel mahauci ya leƙo daga shagonsa. "Kai ɗan Paris, lissafin ma sun ƙwace maka ne?"

"Haka aka rubuta, Marcel!"

"To wanda ya rubuta bai taɓa cin dankalin nan ba."

Aka yi ta maimaitawa har man ya huce. Kowane karo sai ta miƙa kumatu ta jira. Sunan Yannick bai fito daga bakin Régis ba.

Da aka nuna fim ɗin a zauren gari, kujerun da na jera ba su isa ba. Wurin nata ya fi ko'ina dariya, Marcel har da hawaye. Ita tana zaune da jaka a cinya, kamar mai jiran bas.

Bayan an tashi ta koma ta kunna wuta. Ina kan layi Régis ya iso, shi kaɗai, hula a hannu.

"Mama," ya ce. "Na so in zo lokacin nan. Na kasa."

Ta goge hannu, ta sunkuyo ta taga. Dama, hagu. Ya miƙo kumatu don na uku, ita ta riga ta juya wajen kaskon.

"Babba ko ƙarami, Monsieur Lemahieu?"

Ya ɗan jima a haka, wuya a karkace.

"Ƙarami."

Ta zuba masa, ta sa gishiri, ta kalle ni. "Na gaba."