Kujerar Mijin Jakadiya

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Kada-a-ce muke ce masa, don tun yana saurayi ba ya ɗaga ƙafa sai ya gama lissafin abin da mutane za su faɗa. In ya sa sabuwar hula, kada a ce yana taƙama. In ya sa tsohuwa, kada a ce ya talauce. Gyaran tabarau yake yi a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kuma a nan furfura ta same shi.

Matarsa, Hajiya, ba haka take ba. Ta shiga ma'aikatar harkokin waje tun tana budurwa, ta yi ta hawa a hankali, tana kallon mazan da ta koya wa aiki ana tura su ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da sunanta ya taso, sai wani ya gyara zama ya ce, "To mijinta fa?" Daga nan maganar ta mutu. Mijin kuwa yana shago yana ɗaure sukurori, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi.

Bana dai aka sa sunanta cikin sababbin jakadu. Saura Babban Sakatare ya sa hannu. Amma ma'aikatar na da wata al'ada: kafin a sa hannu, sai an yi liyafar rana, kowane jakada ya zo da iyalinsa, manya su ƙare musu kallo. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa ya san an taɓa rasa muƙami a kan wannan teburin.

Tun da Kada-a-ce ya ji haka abinci ya daina shigar masa.

"Baban Auta, cin abinci ne kawai," in ji Hajiya. "Ka gaisa, ka ci, mu dawo."

"In cokalin ya faɗi fa?"

"Sai ka ɗauki wani."

"Ai shi ke nan. A ce ga irin mijinta, shi ya sa ba a tura mace."

Mai wanki ma bai bar shi ya huta ba. Da ya kawo masa babbar rigarsa a goge, sai ya rusuna har ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, uwargidan jakada, a tuna da mu in an je." Kada-a-ce ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya shige ciki ya sake gwada riƙe wuƙa da cokali mai yatsu a kan faranti wayam.

Ranar liyafa suka isa da wuri. Zauren tebura biyu ne. Dogo a tsakiya na jakadu da manya, zagayayye kuma can kusa da taga na matansu. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai zaunar da baƙi, wanda ya daɗe a aikin har hannunsa ya riga kansa aiki. In miji da mata suka shigo, ba ya tambaya: namiji dama, mace hagu. Kafin Kada-a-ce ya buɗe baki, dattijon ya kama gwiwar hannunsa, ya ja masa kujera daf da Babban Sakatare. Ita kuma Hajiya shugabar matan jakadu ta riƙe ta da fara'a, tana cewa, "Zo nan 'yar'uwa, bar su da surutunsu."

Babban Sakataren sabo ne, daga wata ma'aikata aka kawo shi, bai gama sanin fuskoki ba. Sauran jakadun kuwa sun san Hajiya sarai. Wani ya sunkuyar da kai yana gyara tsumman goge baki. Wani ya kurɓi ruwa yana murmushi. Ba wanda ya gyara kuskuren.

Kada-a-ce ya hango matarsa. Ta zauna a miƙe, jakarta a kan cinya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ya san dalilin shirunta. In ta tashi ta ce kujerarta ce, kafin la'asar labari ya zaga ofis-ofis cewa mace ce mai zafin kai, a kan kujera ma ta ta da jijiyar wuya, ina ga an ba ta ƙasa guda. Shi kuma in ya yi magana, ya kunyata dattijon, ya kunyata mai gayya. In ya yi shiru, ya ci abincinta, ya zauna a wurinta. Gumi ya fara bin bayansa, rigar nan da aka sha wahalar gogewa ta manne masa.

Sai Babban Sakatare ya juyo. "Kai ne za mu tura inda ake taƙaddamar ruwan kogin nan ko? Da ka sauka, da wa za ka fara ganawa?"

Duk teburin aka zuba masa ido. Kada-a-ce ya ajiye cokalin a hankali.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni," ya ce, muryarsa kamar ta aro. "Ni tabarau nake gyarawa. Jakadiyar ga ta can kusa da labule. Mijinta ne ni."

Bai jira amsa ba. Ya miƙe, ya ɗauki farantinsa da kofinsa, ya ratsa zauren yana jin kowane ido a ƙeyarsa. Ya tsaya a kan Hajiya ya ce, "Tashi, ana tambaya a kan kogi." Ta tashi. Shi kuma ya zauna a tsakiyar matan, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar yara.

Shugabar matan ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To Malam, mu dai kowane wata muna taro, kuma sabon shiga ne ke kawo abin taɓawa."

"In sha Allahu," ya ce. Bai san me ya ci a ranar ba. Kunnensa na can dogon tebur, inda yake jin muryar Hajiya tana bayani, amma ba ya ganin ko ana gyaɗa kai.

A mota, da suka kusa gida, Hajiya ta dube shi. "Da ka bar farantin ai," ta ce. "Akwai masu ɗauka."

"Na ɓata ko?"

"Ban sani ba, Baban Auta. Wallahi ban sani ba."

A kwanakin da suka biyo baya ya rame. Ya mayar wa wata tsohuwa tabaranta da gilashi ɗaya a juye, abin da bai taɓa yi ba, sai da ta dawo tana cewa duniya ta karkace. Ko wayar Hajiya ta yi ƙara sai ya fita tsakar gida ya tsaya.

Wata rana da hantsi sai ga ta a ƙofar shago, ita da ba ta zuwa. Ta ce an sa hannu. Ta ce an kuma gaya wa dattijon nan ya riƙa tambaya kafin ya ja kowa.

Kada-a-ce ya nemi benci ya zauna. Ya yi hamdala, ya share fuska da hularsa.

"Hajiya," ya ce, "can ɗin ana sanyi? Ni fa ba ni da rigar sanyi ko ɗaya."