Hatsin da Aka Hana Ruwa

Shekara biyu da ajiye allina, bayan na tsufa ina koyarwa a lakwal a Dungas, ɗiyar ƙanwata ta kira ni daga Yamai ta ce tana son aron wani gefe na garkarmu ta Yekuwa. A lokacin tana karatun doktora a jami'a. Mu a gida duk mun ɗauka likita za ta zama, har uwarta ta riƙa tara mata masu ciwon ƙafa in ta zo hutu. Sai daga baya muka ji ashe a kan hatsi take bincike.

Garkar ni da yayana muka gada, amma ni da suna kawai. Shi ke nomanta tun muna samari, shi ya gina rijiyar da ke tsakiyarta. Da na faɗa masa, ya ce, "Hatsi da rani? To, ɗiyarmu ce. Ta zo."

Ta iso bayan sanyi ya wuce, a bayan kabu-kabu, da iri kala uku cikin ambulan. Ɗaya namu ne na gado, wanda ta ɗiba a rumbun Yaya da kaka. Ɗaya ta samo a garin Kwaya. Na ukun na wurin bincikensu ne. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro, na ce ta yi mini bayani yadda zan fahimta, tunda ni za ta bar wa amanar aikin.

Ta ce a cikin kowane ɗan ƙanƙanin ɓangare na jikin hatsi akwai ƙwayoyin gado, dubbai, kuma waɗanda ke cikin saiwa su ne dai ke cikin ganye.

Na ce, "In su ne dai, me ya sa saiwa ba ta zama ganye ba?"

"Kawu, ka tuna ajinka. Sunan kowane yaro yana cikin rajista, amma ba duka ke magana lokaci ɗaya ba. A saiwa wasu ke magana, a ganye wasu. In ƙishi ya zo, waɗanda suka yi shiru sai su fara, wasu kuma su yi shiru. Ni ba rajistar nake son karantawa ba. So nake in ji su wa ke magana lokacin ƙishi."

Wannan ya shige ni, har na gyara zama. Na ce, "Amma a aji ni ke nuna yaro in ce ya yi magana. A cikin hatsi wa ke nunawa?"

"Wasu ƙwayoyin gadon."

"Su kuma wa ke nuna su?"

"Wasu kuma. Da zafin rana, da ƙarancin ruwa."

"To zafin rana ya san sunayensu ne?"

Ta yi dariya ta ce ba haka ba ne, ta sake farawa daga wani gefe, da kalmomin Faransanci da ban taɓa gamuwa da su ba ko a littattafan da na koyar da su. Na riƙa gyaɗa kai. Mutumin da ya shekara talatin ana ce masa mushe, wato malamin makaranta, da wuya ya ce wa yarinyar da ya koya wa baƙaƙe bai gane ba. Yaya kuwa tun a maganar rajista ya tashi ya tafi ba albasarsa ruwa.

Aikin da ta bar mini ba shi da wuya. Fangali shida, kowane iri biyu. Duka za a riƙa ba su ruwa har hatsin ya kai gwiwa. Daga nan uku daga ciki, waɗanda ta kafa wa sanda mai jan tsumma, za a yanke musu ruwa kwana goma sha biyu, ko ɗigo. Ranar ta goma sha biyu za ta dawo ta yanki ganye. Ta ba ni kaye, wato littafin rubutu, da bik, ta ce kullum in rubuta abin da aka yi da abin da na gani. Na koma Yekuwa da zama saboda wannan.

Da aka yanke ruwan, kwanaki huɗu na farko babu abin gani. A na biyar ganye ya fara nannaɗewa da rana, ya saki da yamma. A na shida bai saki ba. Na tarar da Yaya tsaye a kan fangalin irinmu, hannuwansa a baya.

Ya ce, "Mushe, daga nan zuwa bakin rijiya taku nawa ne?"

"Bai kai goma ba."

"Na ga hatsi ya mutu a gona saboda sama ta hana, na ce ikon Allah. Wannan kuma mu muka hana. Abu mai rai, ga ruwa yana kallo."

Na ce masa ba mutuwa zai yi ba, ilimi ne, so take ta ji abin da ke faruwa a cikinsa. Ya ce abin da ke faruwa a cikinsa ƙishi ne, ba sai an je Yamai ba.

Washegari ranar kasuwar Dungas ce, na tafi, ban dawo ba sai da safe. Ina shiga garka na ga ƙasar fangali biyu masu jan tsumma ta yi duhu, ganyensu ya miƙe. Yaya bai ɓoye ba. Ya ce arozuwar, wato butar ban-ruwa, biyu-biyu ya zuba musu, abin da zai jiƙa musu maƙogwaro kawai, na ukun kuma ya ga da sauran ƙarfinsa ya bar shi.

Na zauna da kayen a cinya na daɗe. Abin da na auna a raina shi ne: ƙwayoyin nan gado ne, ta faɗa da bakinta, kuma ruwan arozuwar ba ya canza gado. Sannan da sauran kwana biyar, kafin ta zo ƙishi zai sake kama su, ƙishi kuwa ai ƙishi ne. Bayan wannan akwai abin da ban so in duba ba, wato in kai ƙarar yayana wurin ɗiyar da aka haifa a gabanmu. Na rubuta: kwana na bakwai, ba a ba da ruwa ba.

Ta dawo a ranar da ta ce, cikin mota, da wani tulun ƙarfe mai nauyi. Da ta buɗe shi sai farin hayaƙi ya malalo ƙasa maimakon ya tashi sama. Ta ce kada wanda ya sa hannu, ruwan da ke ciki sanyinsa ƙuna yake yi. Ta sa safar hannu, ta jira rana ta take, ta riƙa yankar ganye tana jefawa cikin ƴan kwalabe tana tsomawa a tulun da sauri kamar mai tsame ƙosai. Na tambaye ta dalilin gaggawar. Ta ce saƙon da ƙwayoyin ke aikawa ba ya daɗewa, da an yanki ganye yake fara lalacewa, har gumin hannunmu yana cinye shi. Yaya ya roƙa ta tsoma masa ganyen mangwaro. Da ta fito da shi ya buga a dutse, ya tarwatse kamar kwalba. Ya tsince gutsattsarin a tafinsa yana kallo har suka yi laushi.

Ta duba kayen shafi-shafi, ta ce, "Kawu, ko a wurin aikinmu ba a rubutu da tsabta haka." Na ce Allah ya yi mata albarka.

Damina ta zo ta wuce. Ana cikin yankan hatsi ta kira ni. Tun daga gaisuwa na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce sakamakon ya fito amma ya ƙi zama. Ƙwayoyin da kowa ya san suna tashi da ƙishi, wasu sun tashi fiye da kima, wasu sun kwanta kamar hatsin bai taɓa rasa ruwa ba. Ta sake aikin sau uku. Ta zargi magungunan da take aiki da su, ta zargi na'ura, ta zargi kanta ko ta musanya kwalabe. Malaminta ya fara yi mata kallon wadda ba ta iya aiki ba.

Ta ce, "Kawu, ko akuya ta shiga? Ko an yi yayyafi ka manta?"

Ina tsaye a bakin gona, waya a kunne. Na ce, "Ɗiyata, an ba fangali biyu ruwa a kwana na bakwai."



"Ka sani tun lokacin?"

"Na sani."

"Da ka rubuta, Kawu. Ba ruwan ne ya ɓata ba. Da ka rubuta kawai."

Ba ta ƙara ko kalma a kan wannan ba. Ta koma tambaya: da wane lokaci, arozuwar wace iri, waɗanne fangali. Sannan ta faɗi abin da ya kwance ɗan abin da nake zaton na gane. Ta ce shukar da ta sha ƙishi, ta samu ruwa, ƙishi ya sake kama ta, ba lallai ta amsa kamar ta farko ba. Akan bar wata alama a kan ƙwayoyin gadon, su kansu ba su canza ba, amma saurin tashinsu ya canza. Masana ma, in ji ta, tunawa suke kiran abin.

Na ce, "Hatsin ne ke tunawa?"

"Kusan haka."

"Da me? Ba shi da kai."

"Ba irin tunawarmu ba ce, Kawu."

"Kin ce gado ne. Gado kuma yana canzawa cikin kwana biyar?"

"Bai canza ba. Yadda ake karanta shi ne ya canza."

Na ce to.

Da na je wa Yaya da tambayoyinta sai abin ya ƙara dagulewa. Ni na tuna fangali biyu na gabas ne suka jiƙe. Shi ya rantse na kusa da rijiya ne, wato ɗaya na gabas da na tsakiya. Da na matsa masa, ya ce yana jin akwai wata safiya ma da ya wuce da sauran ruwa a arozuwar, bai san inda ya juye shi ba. Na mayar mata da wannan duka. Ta ce dama na ukun ma sakamakonsa bai yi kama da komai ba, kuma yanzu babu hanyar da za ta san dalili. Aikin shekara guda ya tafi.

Na zaci ba za ta sake waiwayar garkarmu ba. Sai ga ta da rani ya zagayo, da jakarta ta kaya, ta ce wannan karon zama za ta yi har a gama. Ta sauka ɗakin matar Yaya. Fangali tara ta yi. Uku masu ruwa kullum, uku masu jan tsumma, uku kuma masu baƙin tsumma, waɗanda za a yanke wa ruwa, a ba su a kwana na bakwai, a sake yankewa. Ta ce, "Kawu Babba, waɗannan naka ne. Arozuwar biyu-biyu, yadda ka yi bara, amma ina tsaye."

Yaya ya karɓi aikin nan kamar an naɗa shi sarauta. Ranar bakwai ya sa wankakkiyar riga, ya cika arozuwar daidai bakin zaren da ta ɗaura. Masu jan tsumma kuwa ta sa aka kewaye su da ƙaya, ya daina bi ta wajen gaba ɗaya, ya ce idonsa ba zai iya ba. Kaye yana hannunta. Ba ta ce in rubuta ba, ni ma ban tambaya ba. Aikina ya zama jan guga da riƙe mata lema in tana yankan ganye.

Sakamakon wannan karon ya zauna, in ji ta. A irinmu na gado, wasu ƙwayoyi sun fi saurin tashi a ƙishi na biyu. A irin Kwaya kuwa ba ta ga haka ba. Da na faɗa wa Yaya ya ce ba zai yiwu ba, irin Kwaya ai namu ne, gwaggonmu ce ta tafi da shi can da aka kai ta aure, shi ya ɗora buhun a amalanke da hannunsa. Na kira ta na faɗa mata. Ta ce zai iya zama gaskiya, hatsi yana barbara da na maƙwabta ta iska, shekaru hamsin kuma ba kwana biyu ba ne, amma ba ta sani ba sai ta duba. Na tambaye ta ko duk wannan zai sa rumbu ya cika. Ta ce ba yanzu ba, wataƙila nan da shekaru, wataƙila kuma a'a. Na ce to me aka samu? Ta ce an samu tambaya mai kyau. Na maimaita wa Yaya wannan kalma bi da kalma, ya dube ni, na dube shi.

Zangarniyar da ta fito daga fangalin irinmu mai baƙin tsumma Yaya bai bari an daka ba. Ya tambayi ɗiyar tamu ko ƴaƴan za su gaji tunawar. Ta ce a wasu tsirrai an ga alamar haka, a wasu ba a gani ba, a hatsinmu babu wanda ya sani. Ya sussuke ta daban ya zuba irin a tulu, da ruwa ya sauka ya shuka shi a kusurwar gona ta arewa.

A tsakiyar daminar aka yi kwana goma sha wani abu babu ruwa. Muka je kusurwar tare da hantsi. Yaya ya ce in duba da kyau, wannan ya fi na gefensa tsayuwa, ganyensa bai nannaɗe sosai ba. Na duba, na koma baya na sake dubawa, na tsuguna. Wani lokaci sai in ga kamar haka ne, in na matsa gefe sai in ga duk ɗaya. Na ce ko don wurin ya ɗan fi kwari ne. Ya ce shekara sittin yana noman wurin, babu wani kwari. Na ɗauki hoto da waya na aika mata. Ta amsa da cewa hoto ba zai nuna ba, sai an auna, kuma bana ba ta da halin zuwa. Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka, gonar duka ta miƙe, da kaka kuma masu yanka suka haɗa dammunan wuri ɗaya kafin Yaya ya iso.