Yadda Muka Ɗauko Sale Daga Maigatari a Keken Sola

Sule Tankarkar, ƙarfe biyar da rabi

Muna idar da sallar asuba ranar Alhamis muka kama hanya, ni da jikana Nafi'u, a cikin kekensa mai ƙafa uku na lantarki, mai farantin sola a ka. 'Yata Hauwa ce aka kawo asibitin Gumel daga Gagarawa, haihuwa ta zo da gardama, kuma likita ya ce a nemo jini kafin la'asar. Wanda jininsu ya zo ɗaya shi ne wanta Sale, dillalin shanu a Maigatari, ga wayarsa a kashe.

Kwana biyu ba a kawo wuta ba, don haka da rabin caji muka tashi. Nafi'u ya ce a manyan biranen duniya haka ake yi yanzu, mota na tafiya tana shan rana. Ni da na tsaya a aji uku na firamare ban musa ba. Na dai tambaye shi ko a can ma kakanni ake fara gwadawa da su.

Gumel, bakwai saura kwata

Na leƙa Hauwa. Leɓɓanta sun yi fari, ta buɗe ido ta ce "Baba" ta mayar. Ban zauna ba. A bakin ƙofa muka sha koko a tsaye muka wuce.

Maigatari, takwas da minti goma

Shingen jami'an tsaro biyu muka wuce, kowanne sai an leƙa ƙarƙashin keken ana neman inda injin yake. Muna isa caji ya koma layi ɗaya. Nafi'u ya ajiye keken a tsakiyar rana, ƙofar gidan tsohon abokina Alhaji Mamman, ya ce awa uku a nan za su mayar da mu Gumel.

Muka shiga kara neman Sale. Wannan ya ce yanzu ya bar nan, wancan ya ce ya bi wasu Buzaye ɗauko raƙuma. Sai sha ɗaya da rabi muka same shi yana riƙe da ƙahon bijimi. Da ya ji maganar allura, ƙaton nan sai gumi. Ya ce mu yi gaba zai biyo mu a babur. Ni na haife shi, sai na riƙe masa hannun riga.

Da muka dawo, babu keke a inda muka bar shi. Can muka hango shi ƙarƙashin darbejiya, an shimfiɗa masa tabarma biyu a ka. Alhaji Mamman ya fito yana fara'a.

"Malam Ilu, ina raye za a bar abin hawanka yana ƙonewa a ƙofar gidana? Kuna juya baya na sa aka turo shi inuwa."

Nafi'u ya duba, layin nan ɗaya ne. Sai ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na yi wa Alhaji godiya, don da zuciya ɗaya ya yi.

Muka leƙa tasha, mutum biyu ne a cikin mota, kuma ranar kasuwa da tsakar rana ba mai barin Maigatari. Nafi'u ya ce a ba keken awa ɗaya a rana, sauran mu bar wa Allah.

Kan hanya, ƙarfe ɗaya

Muka taho a hankali, har mai keken ƙafa ya wuce mu ya yi mana sannu. Mun ci kamar rabin hanya sai wata jar fitila ta fara ƙyaftawa, ga gajimare ya taso daga gabas. Nafi'u ya tsaya ya juyo.

"Tsoho, nauyi ya yi yawa. Mutum ɗaya zai sauka."

Na ce ni duk jikina bai kai cinyar Sale ɗaya ba, amma jinina ba ya cikin lissafi. Na sauka. Na ce wa Sale in ya diro a hanya, kada ya sake kirana uba. Na tsaya ina kallon keken yana rarrafe har ya ɓace.

Awa ɗaya da rabi na yi a bakin titi, ba waya, ba labari. Duk motar da ta zo a cike take da kaya. Daga ƙarshe wani direban motar shanu ya tausaya, ya cusa ni tsakanin yaransa.

Gumel, uku da rabi

A kwanar shiga gari na ga keken a gefen titi, ba kowa ciki. Gabana ya faɗi. Na isa asibiti, sai ga Sale kwance a benci da auduga a hannu, Nafi'u na yi masa fifita. Ashe da gudu suka ƙarasa, kuma sai da aka gama ɗibar jinin sannan ya suma. Bayan la'asar Hauwa ta nemi ruwa, aka miƙo mini jaririya.

Washegari da hantsi muka iso gida. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya da direban da ban tambayi sunansa ba. Sale kuma ya roƙe ni kada maganar suman nan ta kai kara, na ce masa ni baki ba zan buɗe ba.