Jakin da Ba a Yi Cigiyarsa Ba

A Madarumfa, idan akuyarka ba ta dawo gida ba har la'asar ta yi sanyi, kada ka yi saurin ɗaukar alhakin ɓarayi. Ka bi ta bayan meri, wato ma'aikatar magajin gari, ka leƙa wani garke mai katangar ƙasa da ƙofar ƙarfe. Galibi a can za ka tarar da ita tana tuƙa, cikinta ya fi yadda ta bar gida cika. Garken nan shi ne furiyar, inda ake tsare dabbar da ta yi ɓarna a gona ko a garka har mai ita ya zo ya biya tara. Mai kula da shi kuwa Malam Inusa ne, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Yarin Awaki, shi kuma yana amsa sunan ba tare da ya ɓata fuska ba.

Gajere ne siriri, yana ɗan ɗingishi saboda wata gwiwa da ya samo a cin ranin Nijeriya tun yana saurayi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana riƙe da mabuɗin wannan ƙofa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma yana da wani tsohon littafi a aljihu da ya cika da zanen kunnuwan dabbobi, domin kowane gida da irin tsagar da yake yi wa awakinsa. Ya kalli kunnen tunkiya sau ɗaya, zai gaya maka gidansu, har da wadda aka yi wa kyautarta ranar suna. Da damina ba ya samun sukuni, sai an saki gonaki bayan girbi. Da rani kuma ga masu garka a bakin tabki da ƙararrakinsu, ga zagayen da yake bin ma'aikatan meri suna roƙon mata su nisanta tarin kara daga murhu saboda gobara. Mata na ganinsa za su fara ja da karan suna mita, yana wucewa su mayar.

Abin da ya sa ake ganin girmansa, ana kuma yi masa dariya, shi ne labarin akuyar matarsa Ɗelu. Wata damina akuyar ta tsinke ta faɗa waken maƙwabci. Maƙwabcin, don kunya, ya jawo ta a asirce ya kawo gida, ya ce ba komai. Malam Inusa ya yi masa godiya, ya karɓi igiyar, ya ratsa tsakiyar gari da akuyar gidansa har furiyar, ya kulle ta. Washegari ya je da kansa ya biya tarar, ya dawo da ita. Kwana uku miyarsa ba ta ga gishiri ba. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, amma ko ruwan alwala ya ce ya yi sanyi, sai Ɗelu ta ce ai mutumin da ya ɗaure akuyar matarsa ba ya jin sanyi. Ni dai ina son mutumin nan, ko da yake na tabbata zama da shi sai mai haƙuri.

To, a bara, lokacin da garka ta yi kore, wani manomi mai suna Sule ya iso furiyar da hantsi yana jan jaki, yana huci. Sule mutum ne mai kirki idan ba a taɓa salatinsa ba, wato latas ɗin garkarsa, ga shi kuwa jakin ya cinye masa fangali biyu, ya tattake na uku. Ya rantse sai ya ga mai wannan dabba ido da ido. Malam Inusa ya ba shi haƙuri, ya karɓi jakin ya shiga dubawa. Tsoho ne, auraki mai launin ƙasa, irin wanda rabin jakunan ƙasar suke da shi. Kunnuwansa lafiya lau, babu tsaga, babu wata shaida. Karo na farko ke nan da littafin aljihu ya kasa cewa komai.

Aka sa mai shela ya zagaya gari, aka faɗa a rediyo, shiru kake ji. Mako ya wuce, na biyu ya kama. Ƙa'idar wurin kuwa a fili take: dabbar da wa'adinta ya cika ba a zo nemanta ba, gwanjonta ake yi ranar kasuwa. Malam Inusa ya san masu sayen tsohon jaki, ya kuma san ba don aiki suke sayensa ba. Wannan ne ya tsaya masa a rai.

Ba tausayi kawai ba ne, akwai abin da idonsa ya gani. A ƙirjin jakin akwai kantar igiyar amalanke, alamar ya daɗe yana ja, amma a duk bayansa babu tabon bulala ko ɗaya. Kullum da sassafe kuma sai ya taka zuwa bakin ƙofa ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai yana jiran a ɗaura masa kaya. Idan wani ya wuce da jarkokin ruwa suna ƙara, sai ya miƙe kunnuwa ya bi shi da kallo. Malam Inusa ya ce a ransa, jakin da ya tsufa yana aiki ba a taɓa dukansa ba, ba a yar da shi. Wani yana sonsa. To me ya hana shi cigiya?

Ana jibi kasuwa, Hamisu sakataren meri ya zo da takardar gwanjo. Mutum ne mai ladabi, ba ya kiransa sai da Baba. Malam Inusa ya juya takardar a hannu, sannan ya faɗi abin da yake so: a bar shi ya kwance jakin ya sake shi, ya bi shi a baya, ya ga inda zai nufa. Hamisu ya ce shi bai taɓa ganin haka a rubuce ba. Ya tuna masa cewa dabbar tana hannun hukuma, idan ta ɓace ko ta sake shiga garkar wani, mabuɗin da ya riƙe shekara ashirin zai iya barin hannunsa.

"Na sani," in ji Malam Inusa. "Amma doka ta ce a nemi mai shi. Mun tambayi gari duka, ba mu tambayi jakin ba."

Hamisu ya yi dariya, ya kai maganar gaban magajin gari. Amsa ta dawo cewa an ba shi daga safiyar gobe zuwa azahar, kuma duk abin da ya faru a wuyansa yake. Aka haɗa masa da takardar karɓar dabba da ɗan akwatin tawada na dangwale, ko Allah zai sa a dace.

Da gari ya waye ya buɗe ƙofa, ya zare igiyar. Sule, da ya ji labari, tuni ya iso da sandarsa, wai zai bi don ya kama mai jakin kafin ya gudu. Jakin ya fito, ya tsaya yana shaƙar iska, sannan ya kama hanya a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sai ga shi ya miƙe sak wajen tabki, wajen garkar Sule. Jakin ya kai bakin shinge, ya miƙa wuya yana kallon salatin da ya sake toho, Sule ya ɗaga sanda. Malam Inusa ya riƙe masa hannu, ya yi wa jakin 'yar tsawar da masu amalanke ke yi. Jakin ya kaɗa kunne, ya janye wuyansa, ya hau hanyar Gabi.

Suka bi shi, mai ɗingishi a gaba, mai mita a baya. Rana ta ɗaga, gwiwar ta fara magana, Malam Inusa bai kula ta ba. Sun yi tafiyar fiye da awa guda kafin jakin ya saki babbar hanya ya shiga wani ƙauye. Bai nufi kowane gida ba, famfon bakin gari ya je, ya juya ya tsaya daidai inda ake lodin jarkoki. Matan da ke ɗiban ruwa suka yi cirko-cirko. Wata dattijuwa ta ajiye bokitinta ta ce wannan ai jakin Abdurrahman mai ruwa ne, wanda Allah Ya yi wa rasuwa makonni uku da suka wuce. Ta ce ita ta ɗauka jakin yana garin Ɗan Issa, domin kowa a ƙauyen ya san ƙanen mamacin ya tafi da shi ranar sadakar uku.

Da jakin ya ga ba a ɗora masa komai ba, sai ya wuce. Ya tsaya a ƙofar wani gida, ya jira kaɗan, ya matsa zuwa na gaba, ya tsallake biyu, ya sake tsayawa. Gidajen da marigayin yake kai wa ruwa ne, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen layi jakin ya shiga wani gida mai dangar zana, ya je gindin turkensa kusa da wani amalanke da aka jingine, ya buɗe baki ya yi kuka mai tsawo.

Suka yi sallama daga waje. Dattijuwar nan ta famfo ta shiga ta yi musu iso, ta dawo ta ce matar gidan, Balaraba, tana takaba, sai dai su yi magana ta bayan zana. Malam Inusa ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, ya faɗi ko shi wane ne da inda jakin ya kwana duk kwanakin nan. Sai aka ji shesshekar kuka. Da ta samu murya ta ba da labari. Ranar sadakar uku gidan ya cika, wani ya kwance jakin don a sami wurin shimfiɗa tabarmi. Da taro ya watse babu jaki, ƙanen mijin kuma ya koma Ɗan Issa a yinin. Sai ta ɗauka shi ya tafi da shi, maƙwabta ma haka. Ta ji shelar rediyo, amma auraki nawa ne a ƙasar nan? Ga amalanke a jingine, ga wani maƙwabci da ya ce zai riƙa jan ruwan suna raba abin da aka samu don ta ciyar da yara, amma babu abin ja.

Malam Inusa ya tambaye ta a hankali me ya hana ta aika a tambayi ƙanen mijin.

"Malam, da wane baki?" in ji ta. "Ƙasar kabarin ɗan'uwanshi ba ta bushe ba, a ce matar ta fara tambayar jaki? Sai a ce gado nika jira. Na bar wa Allah."

Wato saura kwana ɗaya a yi gwanjon abincin marayu, ba don mugunta ko sakacin kowa ba, sai don kunya. Malam Inusa ya share fuska da hannun riga, ya ce rana ce ta dame shi. Ya ba dattijuwar takarda da tawada ta shiga da su, ta fito da dangwalen Balaraba a kai. Sai ya juya ga Sule, ya ce to, ga mai jaki an samu, sauran maganar ɓarna.

Sule ya dubi sandar hannunsa kamar bai san yadda aka yi ta zo wurin ba. Ya ce wace ɓarna? Salati ai ganye ne, ya riga ya toho. Ya ƙara da cewa idan jakin na son ƙari a aiko a yanka masa, amma don Allah kada ya zo da kansa. Daga bayan zana aka ji dariya ta kuɓuce a cikin kuka. Suka dawo a kan baburan kabu-kabu saboda gwiwar ta ƙi, suka iso meri ana kiran azahar. Magajin gari ya ji bayani ya ce a rufe maganar tara, Hamisu ya yage takardar gwanjo.

Labari ya riga Malam Inusa isa gida, kamar yadda ya saba a Madarumfa. Ya tarar da Ɗelu a tsakar gida tana gyaran kifin tabki. Ta bar shi ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya sha ruwa, sannan ta jefo abin da ta tanada tun hantsi.

"Malam, ashe ana sakin dabba a bi ta har gida? Tawa akuyar ba ta san hanya ba ne, ko mi?"

Ya murza gwiwarsa, ya amsa.

"Taki akuyar tana da mai zuwa ya karɓo ta, Ɗelu. Mijinki na nan da rai."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta ajiye ta a gefe. Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo masa da tsumma ta gasa masa gwiwar da kanta, tana faɗan wai tsoho da shi yana bin jaki a rana. Ta ce gobe za ta je ta gaida Balaraba, ya nemo mata wanda zai kai ta. Da ta zuba abinci, ta tsamo kifin da ya fi kowanne girma ta sa a kwanonsa, ta tura masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ci," ta ce. "Kuma ka lallaɓa ƙafar nan. Ni ban shirya shiga takaba ba."