Ranar da Na Saci 'Yar Cikin Baba

Bayan ƙaramar Sallah Baba ya kwashe kaftanansa kaf ya aika ƙauye, wai sadaka. Ya jawo adakar da ke ƙarƙashin gadonsa ya ciro kaya kala biyu masu warin kafur, fari da ruwan toka, kowanne babbar riga da 'yar ciki da wando. Su ya koma sawa. Masallaci da su, ɗaurin aure da su, har zaman ƙofar gida. 'Yan majalisarsu a Gyaɗi-Gyaɗi suna tsokanarsa wai an ba shi sarauta ya ɓoye musu. Yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Babbar riga ba ta tona asirin jiki. Ko kara aka rataya wa ita sai ya cika ido. Amma in ya shigo ya tuɓe ta, ya rage daga shi sai 'yar ciki, sai in ga kafaɗar ta zubo har damtsensa, wuyan kuma kamar mutum biyu za su zura kai. Ummanmu haka ta fara. Zobenta ya riƙa suɓucewa a wajen wanke-wanke, muna cewa sabulu ne. Wata bakwai tsakani aka fita da gawarta.

Na ce, "Baba, ka rame."

"Azumi ne."

"Azumi ya yi wata uku da wucewa."

"To rigar ce. Tun kafin a haife ki aka ɗinka ta, lokacin ina ofis, ina da tumbi kamar randa. Kawo min ruwa."

Baba ya iya kashe magana. Na kawo ruwan, amma lissafi bai bar kaina ba. Tun da na yi wayo jikinsa ɗaya na sani, ba ƙiba ba rama. In da gaske rigar ta girme ni, to wani jikin aka auna, yawanta ba ya nufin komai. In kuwa a idona aka ɗinka ta, to duk yadin nan da ke reto naman Baba ne ya zube.

Ranar Asabar ya saka farar ya tafi ɗaurin aure Hotoro. Ko kwanar layinmu bai sha ba na shiga ɗakinsa na naɗe 'yar cikin ruwan tokar na tura a jaka. Ban kai wa telansa ba, na san bakinsu ɗaya. Na tari adaidaita zuwa kasuwar Tarauni, wajen wani tsohon tela da ake kai wa gyaran rigunan gado.

Na tarar da shi yana neman kafar allura. Na yi sallama, na gaishe shi a gurguje, na zube masa rigar a kan keken ɗinki.

"Malam, shekararta nawa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Aure za ki yi mata?"

"Don Allah sauri nake."

"'Yar nan, wannan ba awara ba ce da za a soya miki a tsaye. Zauna."

Ban zauna ba. Ya shafa yadin da bayan hannu, ya ɗaga shi wajen haske, har sansana shi ya yi. Ya ce shadda ce ta da, mai nauyi, wadda ƙyallinta na bugu ne, ba irin ta yanzu da wanki biyu ke kashewa ba. Ya bi aikin wuyan da farce ya nuna min yadda ɗinkin ba ya tafiya daidai, wani ya ɗara wani, ya ce hannu ne ya yi shi, inji ba ya gajiya balle ya karkace. Ya zura yatsu a aljihu.

"Kin gani? Aljihun biro da goro. Wanda ya yanka wannan bai taɓa ganin wayar hannu ba."

"To shekara nawa?"

"Ke shekararki nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Ki riƙa gaishe ta. Yayarki ce, da nisa ma."

Sai a lokacin na zauna. Na ji kamar in yi dariya. Ashe Baba gaskiya ya faɗa. Na miƙa hannu zan karɓa, har na fara tunanin yadda zan mayar da ita adaka ba tare da ya gane ba.

Tsohon bai sake ta ba. Ya juya cikinta waje, kamar yadda teloli ke yi wa duk abin da ya shigo hannunsu, sai na ga ya ƙura wa ɗinkin ido.

"Mai rigar yana nan da rai?"

"Babana ne. Me ka gani?"

Ya shimfiɗa gefen rigar a cinyarsa. Layin ɗinki uku ne a jere daga hammata zuwa ƙasa. Na bakin yadi, wanda aka yi wa kalmasa, shi ne na asali. Sauran biyun sun shigo ciki, kowanne da faɗin yatsu biyu. Ya tsinko zare daga na farko ya ƙyasta ashana, zaren ya ci ya zama toka. Ya tsinko daga na ciki, wannan ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin leda.

"Zaren yanzu ne. An rage ta sau biyu." Ya ɗora yatsa a wani shuɗin zane kusa da layin ƙarshe. "Wannan allin tela ne. Ko wanki ɗaya ba ta gani ba tun da aka yi na biyun. Da aka rage ta, ta zauna masa daidai?"

Na ce a'a.

Ya naɗe ta da kansa ya saka min a jaka. Na ciro kuɗi ya ture hannuna. "Je ki gida, 'yar nan. Allah Ya ba shi lafiya."

A adaidaita addu'ar da na sani duk ta gudu, sai "Ya Allah" kawai nake maimaitawa. Na ƙirga da yatsuna a kan cinya: biyu da biyu, ta dama da ta hagu, takwas. Kuma har yanzu tana masa yawa.

Na tarar ya riga ni dawowa. Yana bakin gado da singileti, adaka a buɗe. Rabon da in ga kafaɗunsa a fili na manta. Ƙasusuwan wuyansa sun yi rami, ruwa zai iya zama a ciki. Na ɗora masa rigar a cinya yadda take, cikinta a waje.

Ya daɗe yana kallon allin.

"Ba ki da kunya," ya ce.

"Ba ni da ita. Litinin za mu asibiti."

"Na zauna a bencin asibitin nan da uwarki wata bakwai. Me suka ce mana a ƙarshe?"

"Baba, in ka ƙi, zan kira Yaya da su Kawu yanzu, in faɗa musu a gabanka."

Ya san zan aikata. Ya kawar da kai ya ce Allah Ya kai mu.

Kwana huɗu muka jira sakamakon jini, ban ci abin kirki ba. Likitar ta ce ciwon suga ne, ya hau sosai, da an ƙara wata biyu da wani zancen ake. Ta yi wa Baba faɗa kamar ɗanta, yana ta "to, to". Na tambaye ta sau uku ko ta tabbata babu wani abin bayan wannan, ta ce a fara magani, a dawo bayan sati biyu a sake gwaji.

A hanyar gida ya hango mai rake, ya taɓa kafaɗar mai adaidaita ya ce a tsaya. Na ce, "Malam, wuce."