Na Je Kiyeshe Ganin Ganyen Da Rana Ba Ta Ƙonawa

Asuba muka bar Dumega, ni da maƙwabcina, bisa kabu-kabu ɗaya. Sau biyu rana ta ƙone mini dashen tattasai a garka. Irin da ya rage mini bai cika tafin hannu ba. Aka ce a Kiyeshe wani malamin gona yana fesa wa shuka maganin barci, rana ba ta taɓa ta. Ban yarda ba, shi ya sa na je.

Yashi muka sha har Tibiri, sau uku muna sauka mu tura. Da muka hau kwalta muka ci kopto, kwaɗon zogale, wurin wata tsohuwa. Ƙuli kaɗan, barkono da yawa.

A Kiyeshe muka iske malamin, saurayi ne, hannunsa ba kanta. Ya nuna mana kwami biyu na dashen tattasai: wanda ya yi wa feshi kore shar, ɗayan ganyen ya yi fari-fari kamar nawa. Ya ce da haske ganye ke dafa abincinsa, in hasken ya yi yawa sai madafar ta ƙone. Wai shuka da kanta tana yin wani sinadari, melatonin, irin wanda ke kawo wa mutum barci. Shi ke gaya wa ganye ya kare kansa. Feshin ƙari ne kawai. Maƙwabcina ya tambaya ko mai cin tattasan zai yi barci a kasuwa. Malamin ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na tura yatsa cikin ƙasar kwamin biyu, danshi ɗaya. Na zagaya neman ramin dirka, ko ana yi wa koren rumfa a ɓoye. Babu. Na zauna a wurin har rana ta take, koren bai lanƙwashe ba.

Na ce, "To, Mushe," yadda muke kiran ɗan boko, "saida mini maganin."

Ya ce, "Baba, gwaji ne. Ban san abin da zai yi a garkarka ba. Yi wa 'yan dashenka rumfar kara, ka riƙa janye ta kaɗan-kaɗan har su saba."

A nan na fara yarda da shi. Duk wanda ya taɓa cuta ta, kwalba ya fara miƙo mini.

La'asar muka iso gida, hannu wofi. Abin da na koyo, ganye ma yana da mai gadinsa a ciki, ni ne ke jefa shi cikin rana tun bai shirya ba. Na kafa rumfar. Irin na raba shi biyu, rabi na shuka, rabi yana ƙulle a tsumma. Malamin ma ban gama yarda da shi ba.